Riƙon Aji Mai Cunkoso: Jagora Ga Malamin Firamare Da Ƙaramar Sakandare

A takarda, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malamin firamare ɗaya ya riƙe yara 35, na sakandare kuma 40. Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar gwamnati a birnin Kano ko Kaduna ko Katsina ya san wannan lissafi a takardar ya tsaya. Aji ɗaya kan ɗauki yara 80, wani ya haura 100. Bencin mutum uku ya ɗauki biyar, sauran su zube a ƙasa har gindin allo. Dokar UBE, wato dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, Jihar Kano ta sake shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, yara suka yi ta kwararowa, amma ajujuwa da malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Har ta kai gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024.

A cikin wannan hali ake tura sabon malami da takardarsa ta NCE, wato shaidar malanta. An koya masa rubuta tsarin darasi, amma ba wanda ya nuna masa abin yi idan ya juya zai yi rubutu aji ya kaure da hayaniya. Shawarar da ya fi samu a ɗakin malamai ita ce, "Ka nemi bulala mai kyau, ka nuna musu kai ba sa'ansu ba ne." Ni ban yarda da wannan shawara ba. Mafi yawan rashin jin da ake dukan yara a kansa, tun kafin ya faru ake maganinsa: a wurin zama, a yadda ake shiga da fita, a yadda darasi ke tafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matakan da ke biye na toshe tsagar ne, kuma malama da malam duk ɗaya suke a cikinsu.

Mataki na farko: gyara wurin zama

Je ka duba ajin tun babu kowa a ciki. Abu na farko da za ka nema shi ne hanya. Dole a samu lungu aƙalla ɗaya, in da hali biyu, da za ka bi daga allo har bangon baya ba tare da ka tsallake kowa ba. Ko da zai sa a ƙara matsuwa a kan benci, a fitar da wannan hanya. Idan yara a ƙasa suke zama, ja layi da alli a daɓe, kowa ya san nan ba a zama. Kusurwar da ƙafar malami ba ta zuwa, nan ake cin gyaɗa, nan ake mintsini, nan ake wasan 'yar carafke da duwatsu.

Kada ka bar yara su zaɓi wurin zama. In ka bar su, masu ƙarfi za su kame benci, abokan surutu su haɗu wuri ɗaya, masu jin kunya su maƙale a baya su ɓace maka har ƙarshen zango. Kai za ka raba. Masu ƙaramin jiki gaba. Ka rubuta 'yan haruffa a allo, ka sa kowa ya karanta daga baya: wanda ya ƙanƙance ido ko ya kasa, gaba zai zauna dindindin. Haka wanda sai an maimaita masa magana sau biyu, ko wanda kunnensa ke fitar da ruwa. Yara da yawa da ake ce musu masu taurin kai, ba sa jin abin da ake faɗa ne kawai. Bahago kuwa a ba shi ƙarshen benci na hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa, kuma a bar shi ya yi rubutu da hannun da ya iya.

Sauran layuka su riƙa juyawa duk ranar Litinin: na baya ya dawo gaba, kowane layi ya ja baya da ɗaya. Ta haka babu wanda zai shekara a bango.

Mataki na biyu: san sunayensu

"Kai, mai jan wando!" ba ya tsayar da kowa. Suna ke tsayar da yaro. Samu kwali, ka zana ajin kamar taswira, ka rubuta sunan kowa a inda yake zama, ka ajiye a kan teburinka. Ka riƙe goma kullum. Kafin mako biyu ka gama. A aji ɗaya za ka tarar da Muhammad bakwai da A'isha shida, saboda haka haɗa da sunan uba. Ka kuma tambayi kowa sunan da yake amsawa. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, a gida Abba ko Baffa ake ce masa, yarinya kuma Ummi ko Mama, wani bai ma saba jin sunansa na yanka ba. Sunan tsokana da 'yan aji suka laƙa wa wani kuwa, kada ya taɓa fitowa daga bakinka.

Mataki na uku: dokoki kaɗan, a koyar da su kamar darasi

Dokoki ashirin babu mai riƙe su, har kai. Biyar sun isa, da Hausa mai sauƙi, a rubuce da manyan baƙaƙe a kwali a gefen allo:

Idan wani yana magana, sauran a saurara.
Mai son magana ya ɗaga hannu.
Ba duka, ba zagi.
Ba a taɓa kayan wani sai da izininsa.
Ba a fita sai da izini.

Karanta musu kaɗai ba ya wadatarwa. A makon farko ka ware minti goma kullum ana gwadawa a aikace. Fito da yara biyu su nuna yadda ake aron biro da yadda ake fizge shi, aji ya faɗi wanne ne daidai. A fita waje a sake shigowa a layi, in an yi turereniya a koma a sake, ba tare da faɗa ba: "Bai yi ba, mu sake." Za ka ga kamar ɓata lokaci ne alhali manhaja na jiranka. Wannan mako ɗaya shi zai fanso maka makonni masu yawa a gaba.

Abu mafi muhimmanci da za ka koyar a makon nan shi ne alamar shiru. Maƙogwaro ɗaya ba ya rinjayar baki 90, kuma malamin da ya fara da ihu kafin Laraba muryarsa ta dushe. Zaɓi alama ɗaya ka tsaya a kanta. Ga wadda ke aiki a firamare: ka tafa sau uku, su amsa da tafi biyu. Ka ce, "Kunne?" su ce, "A buɗe!" Ka ce, "Baki?" su ce, "A rufe!" Sannan ka yi tsit kana dubansu. A sakandare ɗaga hannu sama kawai ya isa, duk wanda ya gani shi ma ya ɗaga nasa ya yi shiru. Sirrin yana cikin jiran. Kada ka fara magana matuƙar akwai sauran murya ɗaya. Ranar farko jiran zai iya kai minti biyu, ya yi maka tsawo ƙwarai. Daure. In ka fara bayani a kan surutu sau ɗaya, ka koya musu cewa ana iya surutu kana magana.

Maganar fita bayan gida kuma, samu ɗan katako biyu ko marfin gwangwani, ɗaya na maza ɗaya na mata, a rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Mai fita ya ɗauka, ya dawo ya mayar. In babu shi a ƙusa, sai a jira. Shi ke nan an huta da fita biyar-biyar.

Mataki na huɗu: toshe lokutan da babu aikin yi

Lura da kyau, rigima ba ta cika tashi ana tsakiyar aiki ba. Tana tashi ne bayan asambili kafin a fara darasi, lokacin kiran rajista, lokacin raba littattafai da karɓarsu, da kuma bayan an dawo daga tara.

Saboda haka kafin su shigo, aiki na jiransu a allo: lissafi uku masu sauƙi, ko kalmomi biyar da za a kwafa, abin da kowa zai iya farawa ba tare da an yi masa bayani ba. Kai kuma kana bakin ƙofa kana amsa gaisuwa, kana ganin wanda ya shigo da kuka da wanda ya shigo da neman faɗa. Kiran suna 90 ɗaya bayan ɗaya yana cin minti goma. Maimakon haka, raba ajin rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma, kowane da shugabansa. Suna aikin allo, shugabanni su zo su gaya maka wanda bai zo ba, ka leƙa ka tabbatar, ka cika rajista. Su ne kuma za su karɓi littattafan rukuninsu su raba. Mutum goma ne ke motsi, ba 90 ba.

A nan ne zan yi magana a kan monita. Kada ka ba monita bulala, kada kuma ka bar masa aikin rubuta sunan masu surutu. Na sha ganin inda wannan ke kaiwa: takarda a hannun yaro ɗan shekara goma, wani ya miƙo masa alewa ta ƙarƙashin benci a goge sunansa, wata ta ba shi rabin awararta, wanda ba shi da kuɗin tara kuma sunansa ya fito kullum ko bai ce uffan ba. Makarantar cin hanci ce ka buɗe da hannunka. Aikin monita goge allo, ɗauko alli, lura da tsintsiya. Shugabancin kuma ya riƙa zagayawa duk wata. Yaron nan da ya fi kowa ƙiriniya, gwada ba shi riƙon rukuni. Sau da yawa neman a san da shi ne ke damunsa.

Mataki na biyar: darasin kansa

Nan ne gindin maganar, kuma nan aka fi sakaci. Yaron da ke aji huɗu bai iya haɗa "ba" da "ki" ya karanta "baki" ba, ka zaunar da shi awa biyar kana bayani da Turanci a kan abin da bai san kansa ba, me kake so ya yi? Zai ja hijabin ta gabansa, ko ya yi barci, ko ya gudu bayan tara. Kafin ka yanke cewa yaro ba ya ji, bincika ko yana ganewa.

A makon farko ka gwada karatun kowa, minti ɗaya-ɗaya, sauran na aiki. Riƙe kwali mai haruffa, da gaɓoɓi, da kalmomi, da gajeren labari. Ka rubuta inda kowa ya tsaya. Wannan ita ce dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, ta koyar da yaro daga matakin da yake ba daga ajin da aka ajiye shi ba, kuma an yi aiki da ita da Hausa a makarantun Borno da Kano. Ko makarantarku ba ta cikin shirin, kana iya ware minti ashirin kullum kowane rukuni ya yi aikin da ya dace da shi: masu haruffa na harhaɗa gaɓoɓi da 'yan katuna, masu labari na karatu da amsa tambaya. Yaron da ya fara iya abu, ƙiriniyarsa kan ragu da kanta.

A cikin darasi na minti 35 ko 40, kada bayaninka ya wuce minti goma a jere. Yi bayani, ba su abin yi, zagaya ka duba, sannan ka dawo. In abu ya cije, fassara shi da Hausa. Fahimta ake nema. Rubutu mai tsawo ka yi shi a allo tun kafin su shigo, in kuma dole ne ka rubuta suna nan, tsaya a karkace, rabin fuskarka na kallonsu. Ka tanadi ƙarin aiki a kusurwar allo don masu saurin gamawa, domin su ne ke fara surutu.

Daina tambayar "Kun gane?" Amsar kullum "Eee!" ce, daga wanda ya gane har wanda bai ji tambayar ba. Yi tambaya ta gaske, ka yi shiru na ɗan lokaci kowa ya yi tunani, sannan ka kira suna. In ka fara kiran suna, sauran 89 sun huta. Wanda ya ba da amsa ba daidai ba, kada a yi masa dariya, kuma kai ne za ka hana. Ce masa, "Ka kusa, saurari wance, zan dawo kanka," kuma ka dawo ɗin.

Mataki na shida: tsawatarwa hawa-hawa

Duk da wannan shiri, za a yi laifi. Ƙa'idar ita ce ka fara da mafi ƙanƙantar abin da zai tsayar da shi, darasi na ci gaba. Tsayar da mutum 90 saboda raɗar mutum biyu hasara ce.

Fara da ido: ka dube shi har ya san ka gan shi. Bai daina ba, ka taka zuwa inda yake kana ci gaba da bayani, ka tsaya a gefensa, ko ka ɗan ƙwanƙwasa littafinsa da yatsa. Yawanci a nan ake gamawa. In bai gama ba, ka sunkuya ka faɗa masa a hankali, yadda shi kaɗai zai ji: "Wane, rufe baki, lamba ta uku muke." Gaya masa abin da zai yi, kada ka tambaye shi dalilin da ya sa yake surutu, tambayar gardama take jawowa. Hawa na gaba zaɓi ne: "Ko ka yi aikinka a nan, ko ka dawo bencin gaba. Zaɓi." Ka juya ka ba shi sarari, yaro, musamman ɗan sakandare, ba ya son a ga ya sauko a gaban abokansa, in ka tsare shi da ido zai cije. In ya maimaita, cika abin da ka faɗa nan take, ba tare da ɗaga murya ba.

Daga nan sai zama da shi bayan darasi, minti uku, a bakin aji inda ake ganinku. Ga yadda irin wannan zama kan kasance:

"Zauna. Yau sau uku ina yi maka magana. Me ya faru?"
"Ba komai, Malam."
"Ka karya kafin ka fito?"
Shiru.
"Aikin ne ka kasa, ko wani ne ya tsokane ka?"
"Malam, biro na ne ya ɓace, in na koma gida za a dake ni."

Sau da yawa abin da za ka tarar ke nan a ƙarƙashin rashin ji: yunwa, tsoro, rashin abin rubutu, rigimar gida. Wannan ba ya wanke laifin, amma yana nuna maka maganin. Ku ƙare da abu ɗaya da zai yi gobe, shi ya faɗe shi da bakinsa.

Horo kuma ya yi kama da laifin. Wanda ya watsa ɓawon rake, ya share. Wanda ya yaga littafin wani, ya liƙe shi ko ya kwafe masa shafin. Wanda ya yi zagi, ya ba da haƙuri a gaban waɗanda suka ji zagin. Wanda ya ɓata lokacin aiki, ya biya da minti goma daga lokacin tara, amma a bar masa sauran ya ci abinci ya zaga. Kada ka hori aji duka saboda laifin mutum uku. Masu biyayya za su ga biyayyar ba ta da riba. Kada ka kori yaro waje ya yi ta gararamba, abin da yake so ke nan, ga kuma darasi ya wuce shi. Kada ka mai da karatu ko rubutu abin horo. Kuma kada ka yi barazanar da ba za ka cika ba. Abin da ke gyara yaro shi ne tabbacin cewa horon zai zo, kuma iri ɗaya ne ga kowa, har ɗan mai unguwa da 'yar hedimasta.

Samu littafi ɗaya na musamman. Duk wanda ya kai matakin zama bayan darasi, rubuta suna, rana, abin da ya yi, da abin da ka yi. Bayan wata guda za ka ga abin mamaki: wani ranar kasuwa kaɗai yake fashi, wani a darasin lissafi kaɗai yake tada hankali. Da wannan littafi za ka je wurin hedimasta ko malamin ladabtarwa idan suna ya fito sau uku, ba da "yaron nan ya ishe ni" ba.

Maganar bulala

Na san iyaye da kansu kan kawo yaro su ce, "Malam, in ya ƙi ji a zane shi." Na kuma san da yawanmu da bulala aka yi mana karatu. Amma dubi abin da take haifarwa a aji. Tana kawo shiru muddin kana nan. Kana fita a koma gidan jiya. Mai tsoro ya daina tambaya, ya daina ɗaga hannu. Mai taurin rai ya saba, har ya riƙa miƙa hannu yana murmushi, kai kuma ba ka da sauran abin yi sai ƙara yawan bulalar. Wanda ya makara ya hango ana duka a bakin ƙofa, ya juya ya tafi yawo har a tashi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi wannan gargaɗi tun a zamaninsa: tsananta wa mai koyo na jefa shi cikin kasala da ƙarya da yaudara, domin yana koyon nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannu. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba.

Akwai kuma haɗarin jiki. A aji mai yara 90 a ƙasar nan, da wuya a rasa mai ciwon sikila, ko mai asma, ko mai farfaɗiya, kuma ba lalle ka san shi ba. Tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso a rana a watan Afrilu, kowannensu na iya kwantar da irin wannan yaro a asibiti. Bakin bulala ya sha samun ido. Mari ya sha fasa dodon kunne. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta cutar da yaro a jiki ko a zuciya, jihohin Arewa da dama sun yi tasu dokar, Jihar Legas kuma ta hana duka a makarantunta tun 2022. Ranar da tsautsayi ya faɗa, uban da ya ce a zane shi ne zai fara kai ka ofishin 'yan sanda. Shawarata ka ajiye ta gaba ɗaya. Laifin da ya fi ƙarfin matakan da na lissafa, na ofishin hedimasta ne da kwamitin ladabtarwa, ba na hannunka kai kaɗai cikin fushi ba.

Baki ma yana duka. "Jaki", "daƙiƙi", "ba za ka taɓa yin albarka ba", da zagin iyaye, suna zama a zuciyar yaro shekaru bayan shatar bulala ta ɓace. Soki aikin, ka bar mutumin. Yabo kuma ya zama na abin da aka gani: "Layi na uku sun buɗe littafi tun kafin in ce a buɗe, madalla." Za ka ga layi na huɗu na lalubar jaka. Wanda jiya ya ci biyu cikin goma yau ya ci huɗu, ya fi cancantar tafi a kan wanda kullum goma yake ci.

Wasu matsaloli da ke son kulawa ta daban

Makara. Tambayi dalili kafin hukunci. Wani daga makarantar allo yake fitowa, wata sai ta ɗebo ruwa ko ta kai tallan koko, wani tafiyar kilomita uku yake yi, da hunturu kuma kowa na jan jiki. Tsare su a bakin ƙofa har darasin farko ya wuce ƙarin hasara ne. Su shigo shiru su zauna a bencin da aka ware kusa da ƙofa, a rubuta sunansu, su cike abin da ya wuce su lokacin tara. In yara da yawa daga tsangaya ɗaya suke makara, hedimasta ya je ya gaida alaramma cikin girmamawa, a roƙi a riƙa sallamarsu da wuri. Sau da yawa zama ɗaya ke warware ta.

Faɗa. Raba su, ka nisanta su, kada ka yi shari'a jini na tafasa. Bayan sun huce ka ji kowa shi kaɗai. In ka ga reza, wuƙa ko ƙwaya, maganar ta wuce aji, ofis za a kai nan take.

Sata. Kada ka tuɓe yara ana bincike, kada ka sa a yi rantsuwa da Alƙur'ani, kada ka bari a yi wa wani ihun "ɓarawo". Ce ana neman abu kaza, ga kwali a bayan ƙofa, wanda ya tsinta ya saka kafin a tashi. In ka gano mai yi, ku yi magana a keɓe, ya mayar.

Cin zali. Manya na ƙwace wa ƙanana kuɗin tara a bayan ajujuwa da hanyar bayan gida. Wanda ake zalunta ba ya faɗa. Za ka gane shi ne da rashin son fita tara, ko yawan fashi. Malamai su raba zagayen waɗannan wurare a tsakaninsu.

'Yan mata. A ƙarshen firamare da ƙaramar sakandare, yarinya ta nemi izinin fita, ba ta kawai, kada ka tsare ta da tambaya a gaban maza. Wadda ta ƙi tashi tsaye da aka kira ta, mai yiwuwa ba raini ba ne. Wuce ta, ka sa wata malama ta ji ta daga baya. Malami namiji kada ya keɓe da ɗaliba a ɗaki rufe, ko da nasiha zai yi. In ka ga alamar ana cutar da yaro ko yarinya a gida ko a hanya, sanar da hedimasta a ranar.

Mataki na bakwai: iyaye

Kada karon farko da uba zai ji muryarka ya zama na kai ƙara. A watan farko ka nemi lambar waya, ka kira iyayen yaran da ka hango za su ba ka wahala, ka faɗi wani abin kirki na gaskiya game da ɗansu. Ranar da za ka kira da matsala, kunne a buɗe yake. Waya ko saƙon baki ya fi wasiƙa, domin ba kowane gida ake karanta boko ba, wasiƙar ma a hanya take ɓacewa. Inda uwa ce a gida ba ta fita, malama ta leƙa, ko a bi ta matan SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Wanda aka kira ya ƙi zuwa, a bi ta mai unguwa ko limamin unguwa.

In uba ya zo, ba shi kujera, a gaisa sosai, sannan: "Baba, yaron nan yana da kai, lissafi ba ya ba shi wuya. Abin da ya sa na nemi ganinku, sau huɗu ke nan a watan nan yana tafiya bayan tara, ga ranakun. Me kuke gani za mu yi?" Ka roƙi abu ɗaya takamaimai, misali a riƙa duba littafinsa kowace Juma'a. Ka kuma faɗa ƙarara cewa ba don a dake shi ka kira ba, domin wani uban daga nan gida zai wuce ya ɗauko wayar wuta, yaron kuma ba zai sake yarda da kai ba.

Kai kanka, da ajin da ya riga ya lalace

Yara na karanta malami fiye da yadda suke karanta allo. Wanda ke shigowa bayan minti goma ba shi da bakin hukunta mai makara. Waya ta zauna a aljihu. Kada a aiki yaro sayen abinci ko katin waya ana darasi, kada a yi sayar da alewa ko cincin a cikin aji, domin mai ciniki da kai ba ka iya tsawata masa. A sakandare, inda malamai bakwai ko takwas ke shiga aji ɗaya, ku zauna ku daidaita a kan dokoki da alamar shiru iri ɗaya. In kowa da tasa, yara za su riƙa auna ku ɗaya bayan ɗaya.

In kuwa zango ya yi nisa, ajin ya riga ya fi ƙarfinka, ana iya sake farawa. Zaɓi ranar Litinin. Sanar da hedimasta tun Juma'a don ya mara maka baya. Da safe ka tsayar da su a waje, ka shigar da su layi-layi zuwa sabon wurin zama da ka riga ka tsara a kwali. Gaya musu a taƙaice cewa daga yau ga yadda za a riƙa yi, ba tare da tone-tonen abin da ya wuce ba. Ranar nan alamar shiru da dokar ɗaga hannu kawai za ka koyar, sauran su biyo baya ɗaya-ɗaya cikin mako. Ka sa ran za su gwada ka sosai a kwanakin farko, har abin ya yi kamar ya fi da muni. Suna duba ne ko da gaske kake. Cikin manyan masu tada hankalin, waɗanda da wuya su wuce biyar ko shida, ka zauna da kowanne shi kaɗai kafin Laraba, ka raba su rukuni daban-daban, ka damƙa wa kowa wani aiki. Ranar Juma'a ka buɗe littafinka ka ƙirga sunayen da suka shiga a makon, ka rubuta adadin a ƙasan shafi don ka gwada shi da na Juma'a mai zuwa.